Karan da Na Kafa a Tudun Ƙirya

A garinmu na dā, can kusa da Dosara, kowane yaro ya san abin da ake yi idan gulbi ya cika ya wuce misali. Ana kwashe iri da awaki da tsofaffi a hau Tudun Ƙirya, a kafa bukkoki, a soka karan dawa a bakin ruwa. Kullum da safe sai a je a duba karan. Ranar da aka ga ruwa ya bar shi tsaye a kan taɓo, sai a soka wani a gaba, a dasa dankali a inda ruwan ya janye. Haka ake bin ruwa sannu a hankali har a koma gida. Kakana ya yi haka, nasa kakan ma ya yi. Ruwa bai taɓa ƙin komawa ba.

Sai aka toshe gulbin a Bakolori.

Ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai mata lokacin da ruwa ya ci garinmu, saboda haka ban ga tashin ba. Da na zo hutun bazara, mota ta sauke ni a Talata Mafara, na hau akori-kura zuwa wajen Maradun, na yi ta tambaya har aka nuna mini inda aka zuba mutanenmu. Fili ne mai jar tsakuwa, babu itacen da ya fi mutum tsawo. Na sami Gwaggo Taibatu, ƙanwar mahaifina, tana tankaɗe a ƙofar wani ɗaki da ko daɓe ba a yi masa ba. Ta yi ta ja mini gaisuwa: ina gajiya, ina hanya, ina malamanku, ina zafi. Na amsa duka, sannan na ce, "Gwaggo, ina Baba?"

Ta ci gaba da kaɗa rariya.

"Gwaggo."

"Shina Tudu," ta ce. "Tun da damina. Ya kwashi irinshi da awakinshi ya hau, wai shina jiran ruwa ya koma."

"Shi kaɗai?"

"Da yawa sunka hau. Da kaka ta wuce ruwa bai motsa ba, kowa ya nemi jirgi. Shi ko ya ce ruwan bana nauyi gare shi, amma zai tahi. Liman da kanshi ya haye. Ubanki ya dama mai hura, ya rako shi har bakin jirgi, ya ce a gai da gida." Ta ajiye rariyar. "Nafisatu, mutane na cewa kanshi ya taɓu."

"Wa ya ce?"

"Ke kuma hwaɗa kika zo yi?"

"Ki gaya mini sunanshi kawai."

Ba ta faɗa ba. Abin da ta faɗa ya fi wannan muni. Mai jirgin da ke kai masa gishiri ya ce ƙafafunsa sun kumbura, kuma yana tari. "In ta Allah ta kasance can, wa za ya wanke shi? Wa za ya sallace shi?"

Ni kaɗai na rayu cikin 'ya'yan Malam Tukur. Mahaifiyata ta rasu ina goye. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Shekarar da ya kai ni boko, akwai zaurukan da aka daina gayyatarsa suna, bai ko waiwaya ba. Wannan mutumin ake so in bari ya mutu shi kaɗai tsakiyar ruwa kamar dabba. Na ce wa Gwaggo da safe zan haye, kuma ba zan dawo ba sai da shi.

A bakin ruwa masunta ne cike, baƙi daga wajen Yawuri, sun biyo kifin da dam ya tara. Suka ga mace da takalmin makaranta da ƙullin kaya a ka, suka bar gyaran taru.

"Malama, can ma an buɗe aji ne? Kwaɗi za ki koya wa?"

"Na ga kun riga su tashi, sai in fara da ku," na ce.

Aka yi shewa. Wani baƙi siriri mai suna Bawa ya miƙe yana dariya, ya ce shi ne mai kai wa tsohon gishiri. Ya ce in tuɓe takalmi, in zauna tsakiya, kada in kama gefe ko jirgi ya karkata.

Ban taɓa ganin ruwa mai faɗi haka ba. Busassun kawunan itatuwa sun leƙo nan da can, baƙi ƙirin, balbelu jere a kansu. Muna cikin tafiya Bawa ya nuna ƙasa da filafili ya ce, "An ce mini nan ce kasuwarku." Na leƙa, ban ga komai ba sai fuskata. Ban sake leƙawa ba.

Tudun da na sani tun ina yarinya, wanda muke hangowa daga bayan gari, yanzu ya zama tsibiri, ruwa ta kowace fuska. Baba na tsaye a taɓo da fartanya. Ya rame har rigarsa na rataye a kafaɗa, ƙafafun kuwa kamar turmi.

"Uwata! Ke ce? Lale, lale. Ina hanya? Ina karatu? Kin iske Taibatu lahiya?"

Ya gaishe ni tiryan-tiryan kamar a zaurensa muke. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Kin zo daidai. Zo ki gani."

Karare ne a jere, daga gindin tudu suna gangarawa, kowane a gaban ɗan'uwansa. Tsakaninsu kunyoyin dankali, na sama ya fara yaɗo, na ƙasa ba a daɗe da dasawa ba. Gaskiya ne: ruwa yana ja da baya.

"Sun ce na haukace," ya ce. "To ga shi. Ya makara dai, amma ya kama hanya."

"Baba, ba tafiya yake ba. Ƙofofi suka buɗe a dam suna sakin ruwa ga gonakin rani, can wajen Mafara da Bakura. Ranar da suka ga dama za su rufe, ya dawo."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Ƙohwa? Gulbi ɗaki ne, Uwata, da za a yi mai ƙyaure? Wannan a littahi kika gani?"

"A littafi na gani."

"Ni ko da ƙahwata na auna."

Bawa yana jira a jirgi. Na ce masa ya tafi. Baba ya ce a'a, in shiga in koma, nan ba wurin ɗiya mace ba ne. Na sauke ƙullina na zauna a kai.

"Ka taɓa ganin na ce zan yi abu na fasa?"

Ya daɗe yana dubana. "Wajen wa kika gado wannan taurin kai?"

"Sai ka tambayi wanda ya haife ni."

Bawa ya tura jirgi yana ƙunshe dariya, ya ce zai riƙa leƙo mu duk bayan kasuwar Talata.

Da muna yara, mata ba sa wuce gindin tudun nan, wai akwai iskoki a sama. Cikin kwanakin farko na taka shi lungu-lungu, da sanda a hannu, don neman itace da abin da za a sa a miya. Iskoki ban gansu ba. Abin da na gani shi ne duk wani mai rai da ke dajin nan ya gudo gaban ruwa ya taru wuri guda. Ba ka ɗaga dutse sai da kan sanda. Kububuwa a ƙarƙashin ganye, kasa a kan hanya, kumurci a cikin rumbun da Baba ya gina. Shi ya sa ya ɗaura shimfiɗarsa a kan dogayen itatuwa, ya ɗaura mini tawa.

Ta gabas akwai tarin duwatsu da wani kogo mai sanyi, ƙasansa cike da tsoffin ƙasusuwa. Baba ya ce gidan kura ne tun yana yaro. A bayan kogon ruwa na tsattsafowa daga tsagin dutse, garai-garai, shi muke sha. Ta arewa wata kuka ce mai zuma a cikinta, a gindinta na tsinci kashin tama, baƙi mai nauyi, alamar wasu maƙera sun zauna nan tun kafin a kafa garinmu. A can ƙoli ƙiryar take, wadda tudun ya ci sunanta. Wata rana na ɗaure zane na hau ta, ni da malamanmu ke cewa in yi tafiya kamar mace mai ilimi. Daga can na hango bangon dam, siriri kamar zare, da kan hasumiyar masallacinmu ya fara leƙowa daga ruwa. Da na gaya wa Baba, ya yi ta hamdala.

Akwai kuma birai. Garke ne guda ruwa ya rutsa da su. Sun cinye 'ya'yan kanya, sun koma ɓawon itace, sun koma tonon dankalinmu. Aikina da rana shi ne jifansu. Kullum suna raguwa. Wata uwa ta yi kwanaki tana yawo da ɗanta matacce, ya bushe a ƙirjinta. Ita kam na kasa jifanta.

Awaki ma haka. Da safe sai mu ga ɗaya ta kumbura, kumfa a baki. Ni ke jan ta in kai nesa, don Baba ba ya iya ja. Hannuwana da suka saba da alli suka tsage, suka yi kanta. Dawar rumbu ta yi ƙasa, na fara rage tawa ba tare da ya sani ba, shi ma ashe yana rage tasa. Zazzaɓi ya kwantar da ni, na tashi. Ban yi kuka a gabansa ba ko sau ɗaya.

Wata la'asar ya kai ni wani wuri ta yamma da ban kula da shi ba, inda aka jera duwatsu a tsaitsaye cikin ciyawa.

"Waɗanda sunka cika nan a shekarun babban ruwa," ya ce. "Ga ƙanen kakanki. Kin gani, ko ta Allah ta kasance, akwai wuri."

"Wuri akwai. Wa zai haƙa?"

Ya kau da kai, ni kuwa na ci gaba.

"Ni zan wanke ka, Baba? Ni zan tsaya gaba in yi maka salla, birai su ja mini sahu? Su waɗannan da jama'a aka rufe su."

"Uwata, bakinki."

"Kai ka kai ni inda aka wasa shi."

Ya zauna a kan dutse yana haki. Nan na faɗi abin da na kwana biyu ina juyawa. Na ce mu yi alkawari bisa al'adarsa, ba bisa littafina ba. Tun da yake, ya taɓa ganin gulbi ya hau kafin ruwan shuka ya sauka? Ya ce ko kakansa bai gani ba. Sai damina ta yi nisa gulbi ke kawowa. Na ce to, zan kafa karana a bayan kunyarsa ta ƙasa. In ruwa ya hau ya taɓa shi kafin ruwan shuka ya sauka a tudun nan, wannan ba gulbin da ya sani ba ne, zai bi ni mu haye. In ruwan sama ya riga, na bar makaranta, na zauna da shi muna jira har abin da Allah ya yi.

"Karatun naki za ki ɗora kan kara?"

"Kai ranka ka ɗora."

Ya duba sama, fes, ko gajimare babu. Ya ce ya yarda, Allah ne shaida. Na zaɓi kara mai kauri, na ɗaura masa tsumman ɗankwalina, na soka.

Gaskiya ba ni da tabbas. Na san za su rufe ƙofofin, na san ana riga mu samun ruwan sama can kudu inda gulbin ya taso. Amma ranar ban san ta ba, kuma ba wanda zan tambaya. Bawa ya zo da gishiri da saƙon Gwaggo: an koma makaranta, sa'o'ina duk sun tafi. Na ce ya gaya mata na ji. Ya dubi karan mai tsumma, ya dubi Baba, ya ce, "Malam, in ni ne, ba na yin caca da wannan yarinya."

"Ba caca ba ce," in ji Baba. "Alkawari ne."

Ruwa ya ci gaba da ja. Kullum Baba na soka sabon kara yana waige ya ga ko ina kallo. Sai ruwan ya tsaya cik, bai ja ba, bai hau ba. A daidai lokacin zafi ya kai inda ya kai, iska ta juyo daga kudu da danshi, gajimare ya fara taruwa gabas duk yamma.

In lokacin salla ya yi, yana gaba ina baya. Bayan sallama yakan ɗaga hannu ya roƙi ruwa da ƙarfi, kamar yadda kowane manomi ke yi a irin wannan lokaci. Ni kuma a bayansa, ɗiyar manomi, ina roƙon Allah ya riƙe ruwansa. Na san akwai dubban mutane da irinsu a ƙwarya suna duban sama. Na san abin da nake roƙo, kuma ban fasa ba.

Ranar da hadarin ya zo da gaske, da azahar ne. Gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe rufin bukkarmu ta jefa a ruwa, tsawa kamar duwatsun za su tsage. Muka fake a kogon kura. Sai na ji ƙanshin ƙasa. Manyan ɗigo suka fara bugun dutse, suka yi ta bugu, ƙasa ta yi duhu. Na jingina da bango na rufe ido. Na ga ajinmu, na ga jarrabawar da ba zan zauna ba, na ga kaina da furfura a kan wannan tudu.

Can iska ta ɗauke hadarin ta yi yamma da shi. Muka fito. Ko'ina a jiƙe yake.

"Ka ci, Baba," na ce. Ni na fara faɗa, don kada ya ga kamar zan yi gardama.

Ya tafi tsakiyar fili yana jan ƙafa, ya durƙusa da ƙyar, ya soka yatsa cikin ƙasa kamar yadda ake yi kafin a fita shuka. Ya tona kaɗan. Ƙasa ta fito fara, busasshiya, tana zuba daga hannunsa. Ya matsa wani wuri ya sake tonawa. Ya daɗe a durƙushe.

"Bai kai ba," ya ce. "Wanda ya shuka da wannan ya yi asarar iri. Ba ruwan shuka ba ne."

"Ba wanda zai ce ka yi ƙarya in ka ce shi ne."

"Ni zan sani."

Na ɗaga shi. Ba shi da nauyi sam.

Bayan kwana kaɗan, da safe, muka tarar da karansa na ƙarshe tsaye cikin ruwa. Ya ce iska ce ta turo. Washegari wani ma ya shiga. Sama fes, rana na ƙuna, ruwa kuwa yana hawa shiru, ba kumfa, ba itace, ba jan laka irin na cikar gulbi. Ya shiga kunyar ƙasa, ganyen dankali ya yi ta lilo a ƙarƙashinsa. Baba ya daina soka kara. Yakan tsaya tun hantsi da fartanya a hannu yana kallo kawai.

Ranar da ruwa ya lashi gindin karana, tare muka gani. Na yi zaton zan ji daɗi. Na tsaya kamar an dasa ni.

"Ban san shi ba," Baba ya ce a hankali. "Tun ina yaro nike shan ruwan nan, ban san wannan ba." Ya juyo. "Ki ɗaure kaya, Uwata."

Da Bawa ya zo, muka sa sauran irin da akuya ɗaya da ta rage a jirgi. Baba ya zauna tsakiya, bai waiwaya ba har muka sauka. Masunta suka miƙe tsaye, ba wanda ya yi ba'a. Aka ɗora shi a jaki. Gwaggo ta hango mu ta saki tulun da ke kanta.

Na kai shi asibiti a Mafara, aka ba shi magani, kumburin ya ɗan sauka. Amma bai sake riƙe fartanya ba. An nuna masa gonar da aka yanka masa a kan tsakuwa, ya dube ta ya ce a ba mai buƙata. Damina ta sauka sosai, yana zaune a ƙofar ɗaki yana kallonta kamar a garin wasu ake yi. Wata rana ina ba shi kunu ya ce, "Da ruwan sama ya riga, da kin zauna?"

"Da na zauna."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa na tona."

Ya rasu gero na fitar da kai, ranar Alhamis da hantsi, kansa a cinyar Gwaggo. Liman da maƙwabta suka wanke shi. Ƙasar wurin ta yi tauri har sai da aka aro diga a wajen masu aikin hanya. Ina cikin gida tare da mata na ji kabbarar liman, na ji muryoyin maza da yawa suna amsawa a bayansa, har da baƙin muryoyin masunta da Bawa ya kwaso daga bakin ruwa. Na saurara har aka sallame.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki akwatina na koma kwaleji. Shugabar ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dubi hannuwana, ta ce sai dai in maimaita shekara tare da 'yan ajin da ke bayana, in ba zan ji kunya ba. Na tambaye ta wane aji ne, ta nuna mini, na shiga na zauna a bencin gaba.